Gajerun kalmomin Scrabble masu Q, Z, J da X: ta ina zan fara?

Auwal_Sabongari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga manyanmu a Scrabble. Ban daɗe da fara buga wasan da gaske ba, a waya da kuma a allo a majalisarmu bayan la'asar. Matsalata ita ce duk sanda na zaro Q ko Z ko J ko X daga jaka sai gabana ya faɗi. Sai in yi ta riƙon harafin ina jiran U ko wata doguwar kalma, har wasa ya ƙare yana hannuna a cire mini maki. An ce akwai kalmomi masu harafi biyu ko uku da ake rabuwa da su cikin sauƙi. Don Allah wanda ya sani ya jero mini. Wasu kuma sun ce kada in ɓata lokaci a kan ƙanana, in je in haddace masu harafi bakwai kawai tunda su ke kawo ƙarin hamsin. Wanne zan ɗauka?

MalamSaniZariya:
Wa alaikumus salam. Kafin a jero maka komai, da wane ƙamus kuke wasa? Ƙamus biyu ake da su a wasan Turanci. Akwai Collins, wanda muke amfani da shi a Najeriya da Gana da Kenya da Ingila da gasar duniya. Akwai kuma na Amurka da Kanada, wanda ya fi shi ƙanƙanta. Idan na ba ka ZO ka je ka buga a manhajar da aka saita a kan na Amurka, za ta ƙi karɓa, ka dawo ka ce Malam Sani ya yaudare ka.

Auwal_Sabongari:
Collins ne Malam. Shi aka saita mini a wayar.

MalamSaniZariya:
Madalla. To ga masu harafi biyu, ba su da yawa:

Q: QI, ita kaɗai.
Z: ZA, ZE, ZO.
J: JA, JO.
X: AX, EX, OX, XI, XU.

Goma sha ɗaya ke nan. Ka lura da X, tana tafiya da kowane wasali a cikin biyar ɗin, uku ta baya, biyu ta gaba. Shi ya sa gwanaye ke murna idan ta zo hannunsu. Ka haddace waɗannan yau kafin ka kwanta, gobe mu yi maganar masu uku.

Ummi_Tudunwada:
Ni da na fara ganin QI a kan allo sai da na rantse ba Turanci ba ne. Ashe da gaske tana cikin ƙamus.

Injiniya_Kabiru:
Auwal, jerin da Malam Sani ya ba ka ba zai yi maka amfani ba sai ka san inda ake ajiye su, don QI ita kaɗai maki 11 ce, ba wani abin a zo a gani ba. Sirrin shi ne ka sa babban harafin a gidan da ke ninka harafi sau uku, kuma ya ƙirgu ta kwance da ta tsaye a lokaci guda.

Ga misali. A ce abokin wasanka ya buga INK a kwance, sai ga gidan ninki uku a saman I ɗin nan. Ka ɗora Q a gidan, ka sa I ɗinka a saman N. Yanzu ka yi QI ta kwance, Q ta zama 30, da I 31. Ka yi QI ta tsaye da I ɗinsa, wani 31 ɗin. Sannan I ɗinka da N ɗinsa sun ba da IN, maki 2. Jimilla 64 da 'ya'ya biyu kacal. Haka ZA take idan ka kwantar da ita a saman AN. Ita X takwas ce, amma lissafin iri ɗaya ne: ka sa XI a ƙarƙashin A da H na YEAH, X a gidan ninki uku, ka samu XI 25, AX 25, HI 5, wato 55.

Yanzu ka gaya mini, bingo, wato sauke 'ya'yanka bakwai duka a bugu ɗaya, nawa ne ke wuce 64 da nisa? Da yawa a tsakanin sittin da 'yan kai zuwa tamanin suke tsayawa.

DanBorno77:
Injiniya ka yi bayani, amma kada a ruɗi yaro. Irin wannan damar sau nawa take zuwa? Wanda ya san wasa ba zai bar maka wasali kusa da gidan ninki uku ba. Bingo kuwa a hannunka yake, ba ka jiran kuskuren kowa. Ni ra'ayina ya fara da haruffan RETAINS. Daga waɗannan bakwai ɗin kaɗai Collins na da kalma goma sha ɗaya, irin su NASTIER, RETINAS, STAINER, RETSINA, STEARIN. Wanda ke buga bingo biyu a kowane wasa ba ya tsoron mai QI.

Injiniya_Kabiru:
DanBorno, to idan ka haɗa RETAINS ɗin a hannu, a ina za ka ajiye ta? Allo ya cushe, ba layin da ke buɗe, sai dai ka jingina ta da wata kalma. Jinginar nan kuwa ƙananan kalmomi take haifarwa a kowane gida. Idan ba ka san TA da AI da NE da ST kalmomi ba ne, haka za ka zauna da bingonka a hannu kana kallon allo.

DanBorno77:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma masu biyu aikin mako guda ne. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya shekara yana haddar masu uku da huɗu bai taɓa masu bakwai ba.

Hajiya_Rabi_Kd:
Ku bar musun nan tukuna ku ba shi abin da ya tambaya. Auwal ɗana, ga dabarar da na koya wa yarana a gida. Da yawa daga cikin masu harafi biyu na Collins sun yi daidai da kalmominmu na Hausa, ma'ana ce kawai ta bambanta. Ka riƙe wannan jimla: BA ZA KA ZO DA MU BA. Duk kalmar da ke cikinta tana bugawa. Haka KI, KO, MA, NA, NE, TA, YA, SO, TO, BI, FA, AI, JA. Amma fa ka yi hattara, don nan ne Bahaushe ke faɗawa rami: KU, KE, NI, SU, GA, WA, YI, JE, SA, duk babu su. Ido ya saba da su, sai hannu ya ɗora ba tare da tunani ba, a ƙalubalance ka ka kwashe 'ya'yanka ka rasa bugu.

Auwal_Sabongari:
Kai Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi KE na buga jiya aka ce in kwashe. Wannan jimlar ta zauna.

Sadiq_Bompai:
Hajiya ta gama magana. Ni abin da zan ƙara shi ne V da C. Babu kalma mai harafi biyu ko ɗaya da ke da V a ciki, a duk ƙamus ɗin biyu. C kuma CH kaɗai ce a Collins. Amfanin sanin wannan shi ne toshe allo. Idan kana gaba da maki kana so ka hana mutum jingina bingo, ka buga kalmar da V ɗinta zai tsaya a bakin layin da yake hari. Ba abin da zai iya kwantarwa a gefenta.

MalamSaniZariya:
Tunda an matsa, ga masu uku na Q: QAT, QIN, QIS, QUA, SUQ. Biyar ne. Ka ga uku na farko ba sa neman U sam. Kuma QIS da QIN na nuna maka cewa QI na karɓar S ko N a bayanta, wanda muke ce wa ƙugiya.

Masu huɗu da biyar marasa U bayan Q kuwa, mu ne ya kamata mu fi kowa saurin riƙe su, don rabinsu mun ji su a islamiyya: QADI, WAQF, FIQH, QAID, NIQAB, QIBLA, FAQIR, TALAQ. Baturen Ingila haddar QADI yake yi kamar lambar mota, kai kuwa alƙali ka sani tun kana yaro. Sauran su ne QOPH, CINQ, TRANQ, QANAT, QORMA. BURQA tana da U amma kafin Q take.

Ummi_Tudunwada:
Malam, HAJJ fa? Na taɓa ganin wani ya buga.

MalamSaniZariya:
Tana nan, sai dai J ɗaya ce a jaka, sai an haɗa da farar ƙwaya, wadda ba harafi a kanta take tsayawa a madadin kowane harafi, kuma asara ce a kashe fara a kan wannan. HAJ, HADJ da HAJI sun fi amfani. Ga TAJ da RAJ, ga DJIN da JINN. AZAN, ZAKAT, HIJAB, IMAM, EMIR, SURA duk suna bugawa.

BabaIro_Ritaya:
Yara kuna cikin daɗi. Mu a zamaninmu a kulob ɗin ma'aikata, ƙamus ɗin Chambers ake ajiyewa a gefen tebur, wani jibgegen littafi ja, idan aka yi gardama a buɗe a yi ta bin layi da yatsa, wani lokaci gardamar ta fi wasan tsawo. Sai a 2007 Collins ya karɓi ragamar. QI tun a Chambers muka san ta. Amurkawa kuwa ba su samu QI da ZA a gasarsu ba sai 2006, kafin nan Q a wurinsu masifa ce, wanda ya zaro ta a ƙarshen wasa ya shiga uku.

Abin da nake so in ce wa Auwal: kada ka riƙe Q kana jiran babban bugu. U huɗu ne kacal a cikin 'ya'ya ɗari, I kuwa tara ne. Idan ka samu QI ko QAT da maki ashirin da wani abu, ka sauke ka huta. Duk bugun da ka yi tana hannunka, da haruffa shida kake wasa, abokinka da bakwai. Idan kuma ta kwana a hannunka, ba goma kaɗai ka yi asara ba, tazarar ashirin ce, don goman da aka cire maka ita ake ƙara masa.

Auwal_Sabongari:
Na gode Baba. To Z da X fa, su ma in yi saurin sauke su?

BabaIro_Ritaya:
A'a, su daban ne. Z da X ana iya riƙe su bugu ɗaya ko biyu idan allo na da alamar buɗewa, don suna da abokai da yawa. J ce ke tsakiya. Ba ta kai Q nauyi ba amma ba ta shiga bingo da sauƙi, idan ka samu talatin ka sake ta.

Zainab_English:
Ni malamar Turanci ce a sakandare, kuma akwai abin da ke damuna a wannan zance. Ɗalibaina 'yan kulob ɗin Scrabble sun haddace ZO da XU da GU, amma ka tambaye su ma'ana sai su yi shiru. Ranar nan wani ya rubuta mini JO a cikin insha'i. Idan wasan ba ya ƙara wa yaro Turancin da zai yi amfani da shi a jarrabawa, me muke yi ke nan? Ni ina ganin duk kalmar da za a haddace a haɗa da ma'anarta.

Injiniya_Kabiru:
Malama, da girmamawa, wasan nan ya fi kusa da lissafi. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci a 2015 a Beljiyam alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin ya haddace cikin kusan mako tara. Ba a ba da maki don ma'ana.

Zainab_English:
Injiniya, ɗalibaina ba Nigel ba ne, WAEC ce a gabansu.

Hajiya_Rabi_Kd:
Ina bayan Malama Zainab ta wani ɓangare, amma ba don jarrabawa ba. Ma'ana na gaya maka ko kalma na karɓar S. ZA gajarta ce ta pizza, suna ne, don haka ZAS na nan. ZO wata dabba ce ta yankin Tibet, ɗiyar saniya da yak, ZOS na nan. ZE kuwa wakilin suna ce, ba ta da jam'i, ka sa mata S a kwashe maka. XU kuɗin Biyetnam ne, jam'inta XU ɗin dai, ba S. XI harafin Girka ne, XIS na bugawa. Wanda ya san wannan ba ya caca.

Pam_Terminus:
Hajiya kin taɓo mini inda ke ciwo. JO na nan, amma JOS babu. Garina guda ba ya cikin ƙamus! Jam'in JO wai JOES ne. Ba sabon ɗan wasan da ya taso a garinmu da bai taɓa gwada JOS ba.

Sadiq_Bompai:
Pam yi haƙuri, KANO ma babu. Amma NAIRA da KOBO suna nan, OBA da JUJU suna nan, har MALAM da MALLAM Collins ya karɓa. JO na karɓar B, E, G, L, R, T, W, Y a baya. S kuwa ta ƙi.

Moussa_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar da Faransanci muke bugawa, ina bin zancenku ina dariya don matsalar iri ɗaya ce, haruffan ne suka sauya. Wurinmu 'ya'ya 102 ne, kuma masu maki goma su ne K, W, X, Y, Z. Q da J takwas ne. Q ba ta ba mu tsoro sosai tunda QUE da QUI na ko'ina. W da K ne dodanninmu, shi ya sa kowa ke fara haddace WU da KA. Sannan mu mun fi buga wanda kowa ke samun haruffa iri ɗaya a zaure, kowa ya nemi bugun da ya fi maki, babu toshe wa wani hanya. A irin wannan ba zancen riƙe harafi, abin da ya fi maki yanzu shi za ka rubuta.

Kuma Injiniya, wanda Nigel ya kayar a wasan ƙarshe na 2015 ɗan Afirka ne, Schélick Rekawe na Gabon. Abin ya yi mana ciwo.

DanBorno77:
Moussa barka da zuwa. Tunda an kawo 2015, a shekarar ne namu Wellington Jighere ya ci gasar duniya ta Turanci a Perth ta Ostireliya, ya doke Lewis Mackay na Ingila 4 da nema. Shi ne ɗan Afirka na farko, har shugaba Buhari ya kira shi a waya. Ina so masu cewa ƙananan kalmomi su gaya mini, da QI ya ci kofin?

Injiniya_Kabiru:
DanBorno ka kawo hujjar da ke kanka. Bayan nasarar nan abin da jaridun waje suka yi ta rubutawa shi ne salon 'yan Najeriya na fifita kalmomi masu huɗu da biyar, su ƙi buɗe allo, su adana haruffa masu kyau a hannu. Kalmar da aka fi tunawa da ita a wasan ƙarshen nan FELTY ce, harafi biyar.

DanBorno77:
Adana haruffa masu kyau don me? Don bingo mana! Gajeriyar kalma hanya ce, ba masauki ba. Kuma 'yan jarida sun ƙara gishiri, duk wanda ya kalli wasannin manyanmu ya san suna zuba bingo kamar kowa.

Admin_Nura:
Jama'a a sassauta. A tuna sabon ɗan wasa ne ya yi tambaya. Duk mai son gardamar salo ya buɗe wani zaren.

Fati_Wordle:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa, ni ba Scrabble nake yi ba, Wordle nake bugawa kullum da safe kafin in fita aiki, wasan cankar kalma mai harafi biyar. Mu namu kalmomi masu haruffa iri ɗaya su ne abokan gaba. Ka samu kore huɗu, wato haruffa huɗu sun zauna daidai a gurbinsu, IGHT, ka ce ka gama, sai ka tuna akwai LIGHT, MIGHT, NIGHT, RIGHT, SIGHT, FIGHT, TIGHT, EIGHT, ga gwaji shida kacal ake bayarwa. Haka ATCH: BATCH, CATCH, HATCH, LATCH, MATCH, PATCH, WATCH. Haka OUND. Dabarar da nake yi, maimakon in yi ta canki-canki, sai in sadaukar da gwaji ɗaya in buga kalmar da ta tara baƙaƙen da nake zargi, kamar FILMS, ta gwada mini F da L da M da S a lokaci guda. Sai dai idan kin kunna tsari mai tsauri ba za ta bari ba, dole ki riƙe koren da kika samu.

Ummi_Tudunwada:
Anti Fati, ATCH ɗin nan ta taɓa karya mini jerin nasarata, har yau ban huce ba.

Sadiq_Bompai:
Abin da Fati ke gudu shi muke nema a Scrabble. Haddar iyali-iyali ta fi sauƙi. Ka ɗauki AX ka bi ta da haruffan gaba: FAX, LAX, MAX, PAX, RAX, SAX, TAX, WAX, ZAX. Ka ɗauki EX: DEX, HEX, KEX, LEX, REX, SEX, TEX, VEX, WEX, YEX, ZEX. Ka ɗauki ZO: ta gaba AZO da DZO, ta baya ZOA, ZOL, ZOO, ZOS. ZE kuma ZEA, ZED, ZEE, ZEK, ZEL, ZEN, ZEP, ZEX. Ni a bayan katin cajin waya nake rubuta iyali ɗaya, in sa a aljihun gaba, ina cikin Adaidaita ina dubawa. Idan ya zauna in yar in rubuta wani.

Auwal_Sabongari:
Yaya Sadiq wannan ta yi. Wata matsalar kuma, wani lokaci hannuna duk wasula ne, A biyu, I biyu, E, O, U. Ko kuma duk baƙaƙe. Nan ma akwai gajeru?

MalamSaniZariya:
Akwai. Masu biyu da wasali zalla: AA, AE, AI, EA, EE, IO, OE, OI, OO, OU. Masu uku: AIA, AUA, AUE, EAU. Mai huɗu guda ɗaya da kowa ke ji da ita, EUOI. Idan akwai baƙi ɗaya a allo da za ka ratsa, ga ILIA, INIA, UNAI, AUDIO, ADIEU, AIOLI, OURIE, MIAOU.

Na baƙaƙe: CH, HM, MM, SH, ST. Masu uku: BRR, CWM, GRR, HMM, NTH, PHT, PST, PWN, SHH, TSK, TWP. In Y na hannunka kuwa ai ka samu wasali, BY, MY, FY, KY, NY.

Amma ka ji shawara. Ba kullum ne sauke wasula ya fi ba. Idan abin da za ka samu maki takwas ne kuma za ka rage da I biyu da U, gara ka musanya. Ka mayar da biyar ko shida jaka, ka riƙe E. Sababbin 'yan wasa na jin kunyar musanya kamar an kayar da su, alhali manya na yi ba tare da wani ɗar ba.

Alhassan_Kumasi:
Gaisuwa daga Zango. Tambaya ga Malam Sani: masu harafi biyun nan gaba ɗaya nawa ne? Wani ya ce mini 124, wani 127.

MalamSaniZariya:
Duk biyun sun yi gaskiya a lokacinsu. 124 ne a bugun 2015. A bugun 2019 aka ƙara EW, OK da ZE suka zama 127. Na Amurka 107 ne tun 2018. Shi ya sa nake cewa a duba shekarar takardar da ake hadda da ita. A 2021 kuma an cire wasu kalmomin zagi da cin zarafi, don haka tsohuwar takardar masu uku na iya ɗauke da abin da ba ya bugawa yanzu.

Gambo_WWF:
Ni Words With Friends nake bugawa, jerin nan zai yi mini?

Sadiq_Bompai:
Wani zai yi, wani ba zai yi ba, ƙamus ɗinsu daban ne. Makin ma daban: J goma ce a can, bingo kuma 35 ne ba 50 ba. Kuma can manhaja na barin ka yi ta gwadawa har ta karɓa. A gasa ta gaske ba haka ba ne, ka ɗora ka danna agogo shi ke nan. In ƙarya ce a kwashe, in kuma gaskiya ce aka ƙalubalance ka, a yawancin gasannin Collins ana ƙara maka maki biyar. Minti 25 kowa ke da shi, in ka wuce a cire goma a kowane minti.

BabaIro_Ritaya:
Wannan gwaje-gwajen na waya shi ke lalata yara. Ka zaunar da su a gaban allo na katako sai ka ga hannu na rawa.

Zainab_English:
Baba ai shi ne abin da nake faɗa tun ɗazu. Wanda ya san AA wani irin dutse ne mai kaushi da aman wuta ke bari, sunan daga Hawayi, ba zai yi shakkar AAS ba. Na yarda ba za su rubuta ta a WAEC ba. Amma ni a kulob ɗina na kafa doka, duk wanda ya buga baƙuwar kalma sai ya faɗi ko suna ce ko aikatau, in ya kasa ya nemo kafin mako mai zuwa.

Injiniya_Kabiru:
Wannan dokar na yarda da ita Malama, don aikatau na karɓar ED da ING, nan ma maki ne.

Pam_Terminus:
Wai me zai hana mu yi namu da Hausa? Mun taɓa gwadawa a hostel, muka yanka kwali muka rubuta haruffa, muka cire Q, V, X da P, muka sa Ƙ, Ɗ, Ɓ. Rigima ta tashi a kan SH da TS, ƙwaya ɗaya ce ko biyu, da kuma yawan A da za a zuba, don tara ɗin Turanci ko kusa ba sa isa.

Hajiya_Rabi_Kd:
Sai kun fara yarda da ƙamus ɗin da zai raba gardama, in ba haka ba Basakkwace zai buga tashi Bakano ya ce bai san ta ba. Ku buɗe mata zare daban, zan zo.

DanBorno77:
Auwal, kar ka bari su cika ka da jeri har ka rikice. Ka gama masu biyu a makon nan, na yarda. Masu uku na J, Q, X, Z su biyo baya. Amma daga nan ka sauke manhajar haddar kalmomi ta Zyzzyva a kwamfuta ko ka shiga shafin Aerolith, ka fara masu bakwai da suka fi yawan fitowa, ko goma ne a rana. Masu uku gaba ɗaya sun haura dubu ɗaya da ɗari uku, in ka ce sai ka gama su za ka gaji ka bar wasan.

Injiniya_Kabiru:
Dubu ɗaya da ɗari uku ɗin nan da yawa ya riga ya san su, CAT da DOG ai suna ciki. Baƙin ba su kai yadda kake tsorata shi ba. Ni dai ina nan a kan bakana, masu uku duka kafin masu bakwai.

Moussa_Maradi:
Ku biyun nan ku hau Woogles, shafin buga wasan a intanet, ku buga mu gani mana, wanda ya ci Auwal ya bi shi.

DanBorno77:
Na shirya. Asabar bayan isha'i, wasa biyar, Collins, minti goma sha biyar kowa.

Injiniya_Kabiru:
Asabar ina da ɗaurin aure a Funtuwa, sai dai Lahadi. Kuma wasa biyar ba ya nuna komai, wanda ya zaro fararen nan biyu da S shi zai ci. A yi tara.

Alhassan_Kumasi:
Kafin ku tafi, wani ya taimaka da masu uku da ke ƙarewa da V, ita ce ke maƙale mini kullum.

Sadiq_Bompai:
DEV, DIV, GOV, GUV, LAV, LEV, LUV, NAV, PAV, REV, SAV, SOV, TAV, VAV. Masu V a tsakiya kuma AVA, AVE, AVO, EVE, EVO, IVY, OVA, UVA. Masu farawa da V sun fi yawa, sai na dawo daga kasuwa zan turo.